Abin da za ka ƙara a abincin dabbarka ta yi ƙiba da wuri, ƙasa da iska su huta

Duk wanda ya bi hanyar Dadin Kowa bayan an kwashe shinkafa ya san hayaƙin nan da ke turnuƙe fadama da la'asar. Tattaka ce ake cinna wa wuta don a share fili. In watan Maris ya kama, mai gonar da ya ƙone ta shi za ka tarar a kasuwa yana tayin buhun harawa da kuɗin da bai taɓa zato ba, shanunsa kuwa daga nesa kana ƙirga haƙarƙarinsu. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai, shi ya zaunar da ni rubuta wannan jagora.

Akwai kuma wata asarar da ba ta da hayaƙi. Saniya da tunkiya da akuya ba su ke narkar da ciyawa da kansu ba. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, cike da tumbi, suke ruɓar da ita har jiki ya samu abin amfana. Cikin wannan aiki ake samun iskar metan, irin wadda ake ɗura wa motoci masu CNG. Dabba ba ta da abin yi da ita, sai ta fitar ta hanyar gyatsa. Masana sun auna cewa kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da dabba ta ci ta nan yake salwanta, kuma busasshen abinci mai tauri ya fi jawo asarar. Wato wani kaso na abin da ka ɗauko a kasuwa da kuɗinka iska yake bi. In ta hau sama, metan tana riƙe zafi kusan ninki 28 na hayaƙin kabon idan aka auna a shekara 100. Saboda ita ne ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, suka yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa za a rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Ba zan ce wa mai shanu 5 a Dukku shi ya ɓata yanayin duniya ba, don ba shi ba ne. Saniyar Turai mai yawan nono tana fitar da metan fiye da kilo 100 a shekara, tamu ba ta kai nan ba. Sai dai tasu bokiti take cikawa, tamu da rani ko ƙwarya ba ta cikawa. In aka raba iskar a kan kowace litar nono ko kilon nama, tamu ce a gaba. San da ya kamata ya isa kasuwa a shekara 3 sai ya kai 5, domin kowane rani yana zubar da naman da ya tara da damina, kuma duk tsawon nan yana ci yana gyatsa. Don haka a wurinmu, ƙarin da ya fi rage illa shi ne wanda zai sa dabba ta ci moriyar abin da ke gabanta, ta kai da wuri. A kan haka na jera matakan, daga wanda ba ya cin kuɗi zuwa wanda bai kai gare mu ba tukuna.

Kafin ka ƙara komai: awo da tsutsa

Nemi tef ɗin awo irin na tela. Da safe, kafin a ba da abinci, ka tsayar da sa a wuri mai daidai. Auna zagayen ƙirjinsa daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawonsa daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, duka da santimita. Ka ninka zagayen ƙirji da kansa, ka ninka da tsawo, ka raba da 10,840. Abin da ya fito shi ne nauyinsa da kilo, a kusance. San da ƙirjinsa ya ba da 150, tsawonsa 120, zai kai wajen kilo 249. Rubuta a littafi, ka maimaita duk mako 2.

Awon nan ne zai gaya maka yawan abinci. Dabba mai tuƙa tana cin busasshen abinci kimanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta a yini, don haka sa mai kilo 250 yana bukatar kilo 6 zuwa 7 da rabi. Shi ne kuma zai nuna maka ko abin da ka ƙara yana aiki, domin idon mai dabba yakan ga ƙibar da babu ita.

Sai tsutsa. Dabbar da ke ɗauke da tsutsar ciki, rabin abincinka wani kake ciyarwa. A ba ta maganin tsutsa gwargwadon nauyin da ka auna, kuma in tana kiwo a fadama ko bakin dam, a gaya wa malamin dabbobi ya duba tsutsar hanta. Albendazol ba a ba wa mai sabon ciki. Rigakafin ciwon huhu na shanu da na annobar tumaki da awaki, waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, kada a tsallake su.

Gishiri da abin da kanwa ba ta da shi

Kakanninmu sun san gishiri da kanwa, kuma ba su yi kuskure ba. Babban sa yana bukatar gishiri giram 30 zuwa 50 a yini, rago giram 5 zuwa 10. Kanwa tana kwantar da tsamin tumbi ga dabbar da ke cin dusa da yawa. Abin da duka biyun ba su da shi shi ne fosfaras, kuma ƙasarmu ta arewa da busasshiyar ciyawarta suna da ƙarancinsa. In ka ga saniya tana tauna ƙashi, tana lasar bango, tana bin leda a juji, ko ta daɗe ba ta nemi bijimi ba, sau da yawa shi take nema. Je shagon kayan abincin kaji ka sayi garin DCP, wato gari mai ɗauke da fosfaras, ka gauraya kashi 1 nasa da kashi 2 na gishiri, ka zuba a kwano ƙarƙashin rumfa su riƙa lasa.

In dutsen lasa na kamfani za ka saya, duba jikin kwalin. Wanda aka yi don shanu yakan ƙunshi sinadarin jan ƙarfe da yawa, za ka ga an rubuta Cu. Tunkiya ba ta jure shi. Yana taruwa a hantarta sannu a hankali har wata rana ta faɗi. Ragon layya a saya masa wanda aka rubuta na tumaki ne.

Tattaka da yuriya

Nan zan fi daɗewa, domin nan ne babbar riba take, nan ne kuma babban haɗari.

Tattakar shinkafa da karan masara da na dawa suna da furotin kashi 3 zuwa 4 kacal cikin 100. Halittun cikin tumbi ba sa iya aiki sosai sai sun samu wajen kashi 7. Shi ya sa za ka ga saniya ta cika ciki da kara amma tana ramewa: abincin ya zauna ne, bai narke ba. Takin yuriya da ka sani, farin nan mai naitirojin kashi 46, in aka jiƙa tattaka da ruwansa aka rufe, yana juyewa ya zama amoniya. Amoniya tana sassauta taurin karan, wani kaso nata kuma ya maƙale a jikinsa. Furotin yakan haura zuwa kashi 7 ko 8, dabba ta ci da yawa, ta narkar da yawa.

Ga ma'auni: busasshiyar tattaka kilo 100, yuriya kilo 4, ruwa jarka 3 mai lita 25. Da sikeli za ka auna yuriyar, ba da mudu ba, ba da ido ba. Tattakar kuma ka cika buhu ɗaya ka ɗora a sikeli, ka san buhu nawa ne kilo 100. In kara ne, a daddatsa shi kamar tsawon yatsa.

Haƙa rami a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ko ka gina da bulo. Rami mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi yana ɗaukar wajen kilo 80 zuwa 100 in an tattake da kyau. Shimfiɗa leda mai kauri ko tamfol, ka bar bakinta ya zubo waje. Narkar da yuriya a ruwa har ƙwaya ɗaya ba ta saura ba. Sai ka zuba tattaka kamar taƙi guda, ka yayyafa da butar ban-ruwa irin ta 'yan lambu, a hau a tattake, a ƙara wani shimfiɗin, a yayyafa, a tattake, har ta ƙare. Ka raba ruwan tun farko gwargwadon shimfiɗin da za ka yi, kada na ƙasa ya sha ya ƙoshi na sama ya tashi a bushe. Tattakewar nan kada a yi mata ha'inci, iska ce ake kora. Naɗe ledar, ka danne da ƙasa ko duwatsu ta yadda ko wari ba zai fita ba. Yara da dabbobi su yi nesa da bahon ruwan, kuma a wanke shi nan take.

Da zafin Maris da Afrilu mako 2 ya isa. Da sanyin hunturu ka bar shi mako 3. Ranar buɗewa ka tsaya ta inda iska ke fitowa, don warin yana yaji a ido. Wadda ta yi kyau za ka ga ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi laushi a hannu, babu funfuna. Inda ya yi baƙi ya yi yauƙi, ko fari ya fito, ka yar a juji.

Kada ka kai wa dabba daga rami kai tsaye. Ɗebi na gobe yau, ka baza a inuwa ya sha iska, ka mayar da murfin ramin. Kwana 3 na farko ka gauraya kaɗan da abincin da ta saba, ka riƙa ƙarawa har kwana 10. Wasu shanun sukan ƙi da farko saboda wari. Ɗan barbaɗa dusa a kai yana shawo kansu. Sa ɗaya zai yi wajen mako 3 yana cin kilo 100, don haka rami 2 za ka yi, ana cin ɗaya ɗayan yana nuna.

Gaskiya ita ce ba duk naitirojin ɗin ke zama a tattakar ba, fiye da rabi yakan tashi in an buɗe. Asara ce, kuma ba zan ɓoye ta ba. Amma ka ɗora ta a kan ƙone tattaka baki ɗaya, da barin sa yana zubar da nama wata 4, sai ka ga inda sikeli ya rinjaya.

Waɗanda ba a ba su: maraƙi da bai kai wata 6 ba, 'yan tumaki da 'yan awaki masu shan nono, doki, jaki, kaji. Duk wanda tumbinsa bai ƙosa ba, ko ba shi da shi, yuriya ba ta amfanarsa, tana ma iya cutar da shi. Kada kuma a haɗa yuriya da ɗanyen waken suya a kwano ɗaya, domin waken yana sakin amoniyar nan take.

Dunƙulen lasa na gida

Wanda shanunsa ke fita kiwo su dawo da yamma, ko wanda ba shi da tattakar da zai cika rami, wannan ya fi dacewa da shi. Mu a Gombe kayan haɗin suna kewaye da mu: siminti daga Ashaka, dusa daga injinan cikin gari, sai molas, baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura in an tace sukari, wanda ake samu daga masana'antar sukari ta Numan.

Don dunƙule mai kilo 10: molas kilo 4, dusa kilo 3, yuriya kilo 1, siminti kilo 1, gishiri rabin kilo, garin ƙuli-ƙuli ko na angurya rabin kilo. Jerin zubawa yana da muhimmanci. Fara zuba yuriya cikin molas, ka juya har ka sa yatsa ba ka ji tsaki-tsaki ba. Minti 20 ba su yi yawa ba. A gefe ka dama siminti da ruwa kusan rabin lita tare da gishirin, ka juye a ciki. Dusa da garin ƙuli-ƙuli su ne ƙarshe, kaɗan-kaɗan, ana cuɗawa. Shimfiɗa leda a ƙaramin bokiti ko makwabin bulo, ka cusa ka danne da ƙarfi, washegari ka juye. Ya bushe a inuwa mai iska kwana 7 zuwa 10. Danna da babban yatsa: in ya lotsa, bai yi ba. Simintin nan ba ya cutar da dabba a wannan ma'auni, kuma aikinsa shi ne ya hana ta gatsa. Lasa ake so, ba ci ba.

Kwana 4 na farko awa 1 kawai za ka ajiye musu, bayan sun ci sun ƙoshi. Sai awa 2 na wasu kwana 4, daga nan a bar shi. Babban sa yakan lashi kusan rabin kilo a yini, rago giram 100 zuwa 150. Dabbar da ta dawo da yunwa ba a fara mata da shi. Kuma a shekarar farko ka zaɓi ɗaya, ko tattakar yuriya ko dunƙule, har hannunka ya faɗa.

Ruwa shi ne abin tsoro. Na taɓa kai wa wata gwaggona dunƙule don ragon da take kiwo, na yi mata bayanin komai sai abu ɗaya. Ta sa shi a tsohon baho a tsakar gida, ruwan farko ya sauka da dare, ya taru a bahon ya narkar da yuriyar, rago ya sha da asuba. Kafin in iso ya riga ya tafi. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Ɗan nan, ai ba ka ce mini ruwa na hana shi ba." Kuɗin adashinta ne na shekara. Tun daga ranar ba na miƙa wa kowa dunƙule sai na ga rumfar da zai zauna, da kwano mai huda a ƙasa.

Alamun guba suna bayyana cikin minti 20 zuwa awa 1: rawar jiki, dalalar miyau, kumburin ciki, tangaɗi, numfashi sama-sama. Ka ajiye ruwan khal, wato binega, a gida tun kafin ka fara wannan aiki. Sa a ɗura masa aƙalla lita 2, rago rabin lita zuwa lita 1, a bi da ruwan sanyi mai yawa, a hankali don kada ya shaƙe, wani kuma ya riga ya kira malamin dabbobi.

Maiƙo: angurya, tunkuza, dusar shinkafa

Wannan ne ƙarin farko da ke rage metan kai tsaye. Maiƙo yana danne halittun da ke yin ta, kuma shi kansa ba ya ruɓewa a tumbi. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa kowane kashi 1 cikin 100 na maiƙo da aka ƙara a abinci yana rage iskar da kimanin kashi 4 zuwa 5. Sai dai yana da iyaka: in jimillarsa ta wuce kashi 6 zuwa 7 na busasshen abinci, narkewar ciyawa sai ta ja baya, dabba ta rage ci. Don haka ba man gyaɗa za ka tsiyaya a dusa ba.

Ƙasar Gombe ƙasar auduga ce tun zamanin injinan gurza, kuma angurya tana da maiƙo wajen kashi 20, furotin ma ya ɗan fi haka. Ga sa mai kilo 250, ka fara da rubu'in kilo, ka kai kilo 1 cikin mako 2, ka tsaya nan. Tana ɗauke da gubar gosifol, wadda babban tumbi ke iya shanyewa in ba ta yi yawa ba. Maraƙi da kaji ba a ba su, bijimin barbara kuma a taƙaita masa sosai, domin tana raunana maniyyi. Irin shuka da aka yi wa feshin magani ba abinci ba ne.

Tunkuza da ƙuli-ƙuli suna da kyau in sababbi ne. Wanda ya yi funfuna ko ya ji danshi yana iya ɗaukar gubar aflatoksin, wadda ke ratsawa har cikin nonon da yara za su sha. Araharsa kada ta ja ka. Dusar shinkafa ma tana da maiƙo, amma ƙananan injina sukan haɗe ta da ɓuntu. Murza a tafin hannu: in tana kartar fata, ɓuntu ya fi yawa, kuma ɓuntu cika ciki ne kawai.

Gawo da 'yan'uwansa

Da tsohuwar zuma ake magani. Makiyayi bai jira masana ba kafin ya san cewa 'ya'yan gawo suna riƙe dabba a ƙarshen rani. Gawo itace ne mai abin mamaki: yana zubar da ganye da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, ya yi kore da rani, 'ya'yansa su zubo daidai lokacin da komai ya ƙare. Su da 'ya'yan kalgo da na bagaruwa suna ɗauke da tanin, abin nan mai bauri da majema ke jima da shi. In kaɗan ne, tanin yana rage metan, yana kuma kama furotin ya hana shi lalacewa a tumbi. Sakamakon haka naitirojin ya ragu a fitsari, inda yake saurin bin iska, ya ƙaru a kashi, inda zai zauna har ya isa gona. In ya yi yawa kuwa, dabba ta ƙi ci, ta yi taurin bayan gida, ta rame.

Tsinci waɗanda suka faɗo suka bushe, ka daka ko ka kai inji, don ƙwayar tana fita yadda ta shiga in ba a fasa ta ba. Garin gawo ko na kalgo kada ya wuce kashi 1 cikin 5 na abincin yini. Ga rago, giram 200 zuwa 300 a cikin dusa. Bagaruwa ta fi su bauri nesa ba kusa ba, ɗan barbaɗe ya isa, kuma ni ba na ba mai shayarwa. Sauran zogale da aka zage, da 'yan sandunansa masu taushi, a busar a inuwa a haɗa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka ɗauki abin da itace ya zubar, in ma za ka sassabe reshe ka bar masa fiye da rabi. Wanda ya ga yadda kwari ke cin unguwanni a cikin garin Gombe ya san abin da ƙasa ke yi in an raba ta da saiwa. A 2019 gwamnatin jiha ta fara shirin dashen itatuwa na 3G. Mai kiwo ya fi kowa dalilin ya dasa gawo a gonarsa ya kare shi daga awaki.

Masu kaji

Kaza ba ta da tumbi, metan ba matsalarta ba ce. Nata a kashi yake. Kusan kashi 2 cikin 3 na fosfaras da ke cikin masara da waken suya a ɗaure yake, kaza ba ta iya kwance shi, sai ya fita a banza, kai kuma ka sayi DCP ka cike giɓin. Akwai sinadarin fitez da ke kwance shi. A jikin buhu za ka ga sunan ya fara da haruffan ph. An fara sayar da shi a 1991, lokacin da Holan ta matsa wa manomanta kan kashin dabbobi da ke gurɓata ruwa. Yana rage fosfaras ɗin da ke fita da rubu'i ko fiye. Mu nan kashin kaji abin sayarwa ne, gonakinmu ma suna nemansa, don haka damuwarmu ba ta kai tasu ba. Amma tarin da ake jibgewa a bakin kwari, ruwan sama ya kwashe, gansakuka yake haifarwa a tafki, kuma garin Gombe daga dam ɗin Dadin Kowa yake sha.

In kai ke haɗa abincinka, nau'in da ya fi yawa ana sa giram 100 ne a tan 1, amma bi abin da ke jikin buhun. Ƙaramin abu irin wannan ba a watsa shi cikin tari: gauraya shi da garin masara kilo 1, wannan ka gauraya da kilo 10, sannan ya shiga sauran. Kuma dole ka rage DCP gwargwadon yadda kamfanin ya faɗa, in ba haka ba ka ƙara kuɗi ne kawai. Laisin da metiyonin, sinadaran gina furotin da ake ƙarawa a abincin kaji, suna ba ka damar rage waken suya. Kowane kashi 1 na furotin da aka sauke yana rage naitirojin a kashi da kimanin kashi 8 zuwa 10, warin da ke sa idon kaji ruwa ma ya ragu. Wannan lissafin ka zauna da masanin abinci, ko a jami'ar ATBU ta Bauchi ko a jami'ar Kashere, kada ka yi da ka. Mai sayen abincin buhu ya duba takarda, da yawa sun riga sun sa.

Waɗanda ake ji a labarai

Bovaer, wani ƙarin abinci da kamfanin DSM ya ƙirƙiro, yana toshe matakin ƙarshe na yin metan a tumbi. Rubu'in ƙaramin cokali a yini yana rage ta da kimanin kashi 30 ga shanun nono. Barazil ta amince da shi a 2021, Tarayyar Turai a 2022, Amurka a 2024. Sai dai aikinsa yana gushewa cikin 'yan awoyi, don haka sai an gauraya shi a kowace loma. Saniyar da ke yini a dajin Wawa-Zange ba za ta samu haka ba, kuma ba ya ƙara ƙibar da za ta biya kuɗinsa. Akwai jar ciyawar teku da aka yi bincikenta a Ostareliya, wadda a wasu gwaje-gwaje ta rage fiye da kashi 80, amma nomanta da kawo ta nan wani labari ne. Ina ganin in waɗannan za su shigo, ta manyan gonakin madara za su fara, kuma aikin ma'aikatar raya kiwon dabbobi da aka kafa a 2024 ne da cibiyar bincike ta Shika su gwada su a kan Bunaji da Rahaji kafin a tallata wa talaka.

Biyu kuma ina gargaɗi a kansu. Za ka ji cewa naitiret yana rage metan, kuma gaskiya ne, amma kada ka ɗebi takin gona ka gwada. Yana hana jini ɗaukar iska, dabba ta mutu tana haki. Monensin da ake sa wa shanun turke a wasu ƙasashe, ɗan kaɗan nasa yana kashe doki da jaki, ga shi a gidajenmu kwano ɗaya ake ci. Duk ƙullin garin da aka ce maka "mai sa ƙiba" ne, babu suna, babu lambar NAFDAC, ka bar shi a kan tebur. Maganin ƙwayoyin cuta kuwa na marar lafiya ne, ba mahaɗin dusa ba.

Abin da ya fito ta baya, da lokacin farawa

Naitirojin ɗin da ka sha wahalar sa wa dabba, mafi yawansa a turke zai sauka. Shimfiɗa ɓuntun nan da ba ya ciyuwa a ƙarƙashinta ya tsotse fitsari. Kwashe duk kwana 2 ko 3, ka tara a inuwa, ka rufe da kara ko tsohon tamfol, kada rana ta ƙone shi, kada ruwa ya wanke shi. In ka kai gona, a juya shi cikin ƙasa da wuri maimakon a bar shi tsibi-tsibi wata 2 yana shan iska.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tattaka da kara a watan Nuwamba da Disamba ake tara su, a ɗora a kan rumfa nesa da gara, tun kafin maƙwabci ya kyasta ashana. In ka roƙa, da yawa kyauta za su ba ka. Yuriya ka saye ta bayan kaka, lokacin da manoma ba sa rububinta. Ramin farko a cika shi a farkon Janairu, na biyu bayan mako 3. 'Ya'yan gawo kuma daga Fabrairu ake fara bin gindinsu da sassafe, kafin awakin gari su riga ka. In don Babbar Sallah kake kiwo, ƙirga kwana 100 baya daga ranar da kake son fita kasuwa: kwana 10 na maganin tsutsa da sabo da sabon abinci, 90 na ƙiba. Ranar farko ka ɗauko tef da littafi.